Jummai da Goyon Ɗan Fari

Har yanzu idan gari ya waye nakan kasa kunne ko zan ji taɓarya ta faɗa turmi a bayan ɗakina. Sai na ji shiru sannan in tuna Jummai ta tafi. Sanƙarau ne ya ɗauke ta bayan ƙaramar sallar bana, cikin waɗanda ya kwasa a garin nan. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya fi ɗakinta faɗi.

Ni sunana Mairo, a Ƙofar Jatau aka haife ni, a nan na tsufa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya riƙe alƙalami, kuma na ga idan ban rubuta wani abu a kan ƙawata ba, babu wanda zai rubuta. Mai dakau ce. Ba a cika tuna mai dakau ba sai ranar da tuwo ya makara.

Daga wani ƙauye ta zo, can yamma da gari, bayan mijinta ya rasu. Ta fara sauka wajen wata 'yar'uwarta a unguwar Tukur-Tukur, tana shigowa birni a ƙafa da taɓaryarta a kafaɗa, domin ba ta yarda da taɓaryar kowa ba. Daga baya muka ba ta ɗaki a gidanmu. Doguwa ce, baƙa, hannuwanta duk kanta, ga wushirya, ga goro kullum a kumatu. Muryarta kuwa ba ta da daɗi ko kaɗan, kamar ana jan kwano a kan siminti, amma ba ta daka sai da waƙa. Idan mata suka haɗu a turmi ɗaya ana lugude, ita ce mai bayarwa, su suna amsawa, har a gama surfen biki ba wadda ta san ta gaji.

Na taɓa ce mata, “Jummai, wannan murya taki ai ko kaji gudu suke yi.”

Ta ce, “Ba don kunne nake yi ba, Mairo, don ƙugu nake yi. Ƙugu shi ne kurma, sai an yi masa ihu.”

Lokacin da injin niƙa ya yawaita a unguwa, aikinta ya ragu, amma akwai gidajen da tsofaffinsu suka ce tuwon inji warin ƙarfe yake yi. Ɗaya daga cikinsu gidan Malam Shehu ne, maƙwabcinmu, ma'aikaci a ƙaramar hukuma. Matarsa Rakiya yarinya ce mai kunya, ba ta ɗaga ido idan tana gaishe ka. A shekarar 1987 ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Mustafa.

Bayan ta gama wankan jego, ta fita yawon arba'in wajen danginta. A hanyar dawowa motar da suke ciki ta faɗi. Jaririn ko ƙwarzane bai yi ba, domin wata fasinja ce ke riƙe da shi a lokacin, amma Rakiya ta tsage a ƙashin baya. Ta yi watanni a asibiti cikin filasta tun daga ƙirji har ƙugu. Kafin a sallame ta, nono ya ƙafe. Uwar mijinta, Hajiya Uwa, ta baro ƙauye ta zo ta karɓi yaron, tana ba shi madara da koko, tana goya shi, tana kwana da shi.

Da aka cire filasta, likita ya ce ƙashi ya haɗe, ƙafafu ma lafiya lau. Amma idan aka zaunar da Rakiya sai ta langaɓe kamar ɗanyen ganye a rana. Takan taka daga gado zuwa ƙofa, amma kafin ta dawo sai an tallafe ta. Aka tura ta ɗakin gashin ƙashi na asibitin. Ni nake raka ta a tasi, saboda Malam yana ofis, Hajiya kuma tana fama da yaro.

Ma'aikaciyar gashin wata ce Malama Jamilatu, mai fara'a, mai bayani dalla-dalla. Ta ce mana, “Kun ga yadda majanyi yake riƙe goyo? To, naman ciki da naman baya su ne majanyin ƙashin baya. Nata sun kwance saboda doguwar kwanciya. Ba ƙarfin ɗaga dutse muke nema ba, jimiri muke nema, su iya riƙe ta tun safe har yamma.”

Ta koya mata motsa jiki iri-iri. Akwai wanda za ta kwanta rigingine ta lanƙwasa gwiwa ta ɗaga ƙugu sama. Akwai kuma wanda ya fi wuya, ta durƙusa kamar mai rarrafe, ta miƙe ƙafa ɗaya ta baya, ta tsaya a haka, bayanta a miƙe kamar faifai. Malama ta ce a riƙa yi a gida safe da yamma, kuma lallai wani ya tsaya a kanta yana gaya mata yadda take yi, domin mutum ba ya ganin bayansa.

A gida kuwa sai abin ya zama dubiya. Da ta ɗaga ƙafa, jikinta ya fara rawa, sai Hajiya Uwa ta ce, “Sannu, sannu, ya isa haka, kada ki ɓaro wani ciwon.” Mu ma mu ce, “Kai, kin yi ƙoƙari.” Ta yi daidai, mu ce ta yi ƙoƙari. Ta karkace, mu ce ta yi ƙoƙari. Haka muka saba yi wa marar lafiya, ba mu san wani abu ba. Ita kuma sai ta zube a tabarma ta juya fuskarta bango. Duk komawarmu asibiti Malama Jamilatu sai ta girgiza kai, ta ce, “Rakiya, jikinki zai iya. Me kike so ki koma yi? Gaya mini abu ɗaya.” Rakiya ta sunkuyar da kai ta ce, “Duk abin da Allah ya yi daidai ne.”

Ana cikin haka Hajiya Uwa ta faɗi shawararta, a tsakar gida, da zuciya ɗaya. Ta ce idan ruwan farko ya sauka dole ta koma ƙauye saboda shuka, kuma za ta tafi da Mustafa. Ta ce, “Uwar ba ta iya goyo, ba ta da nono, to me zai zauna yi? Ai dama ɗan fari na kaka ne. Zan riƙe maigidana har ya girma.” Maigida take ce wa jikan, irin wasan kaka da jika.

Ba wanda ya ga aibu a maganar. Malam Shehu ya ce Allah ya saka da alheri. Aka juya aka dubi Rakiya, ta ce, “Hakan ya yi.” Me za ta ce? Ɗan fari ne. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan an shigo da shi ma sai ta kau da kai. Rakiya kuwa ta fi kowa iya wannan alkunya. “Yaron nan” take ce masa, idan ya zama dole. Sai duk muka ɗauka abin bai dame ta ba.

Wata ranar Laraba Jummai ta gama surfe a gidan, ta leƙa ɗakin don ta yi sallama, ta tarar da mu ana motsa jikin. Rakiya tana durƙushe, ƙafa a miƙe, jiki ya fara rawa, ina shirin cewa sannu. Sai yaron ya tsala kuka a tsakar gida, ya bugu da ƙafar kujera. Hajiya tana bayan gida, ba ta fito da wuri ba. Ni hankalina ya tafi waje. Jummai kuwa Rakiya ta zuba wa ido. Sai da Hajiya ta fito ta ɗauke shi ya yi shiru, sannan Rakiya ta sauke ƙafa ta zube.

A hanyarmu ta komawa gida Jummai ta tofar da tuƙar goro ta ce, “Kin ga abin da na gani?”

Na ce, “Me?”

“Yarinyar da kuka ce ba ta iya tsayawa ko na ƙiftawar ido. Tun da ya fara kuka har ya daina, ƙafarta tana sama. Ta manta da bayan ma gaba ɗaya, kunnenta yana waje. Mairo, wannan ba raguwa ba ce. Ta riga ta sallama yaron ne, to don me za ta wahalar da ƙugunta?”

Na ce, “Ai ita ta ce hakan ya yi.”

Ta tsaya cak a bakin lungu ta dube ni. Ta ce, “Ni ma haka na ce.”

Ranar ce ta fara ba ni labarin, duk da daɗewar zamanmu. Nata ɗan farin uwar miji ce ta ɗauke shi ranar yaye, ta kai shi wani gari. Jummai tana daka aka fita da shi, ba ta ko ɗaga kai ba, har mata suna yaba mata kunya. Da ta sake ganinsa ya zama saurayi, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa. Bayansa ba ta sake samun mai rai ba. Ba ta yi kuka ba da take gaya mini. Ta dai ce, “Taɓarya ce ta sha dukan, Allah sarki.”

Ranar komawa asibiti ta ɗaura mayafi ta ce da ita za a je. Ta zauna a ɗakin gashi tana kallon komai kamar mai sayen akuya. Ta ce wa Malama Jamilatu, “'Yata, ni ban yi boko ba. Nuna mini inda ake so bayan ya tsaya, da inda ba a so.”

Malama ta ji daɗi. Ta kama hannun Jummai ta ɗora a ƙugun Rakiya, ta nuna mata yadda yake lotsawa idan gajiya ta zo, da yadda yake karkata gefe. Ta ce, “Rawar jiki ba komai ba ce, nama ne ke aiki. Amma idan ta ji zafi mai suka, ko ya harba ƙafa, ku dakata nan take. Kuma kada ta riƙe numfashi, wannan shi ne babban laifinta.”

Jummai ta ce, “Idan tana amsa waƙa fa?”

Malama ta yi dariya ta ce, “Mai amshi ai dole ta yi numfashi. Inna, idan za ki iya, kin rage mini rabin aiki. Mun sha gani a nan, wanda ake gaya wa gaskiyar yadda yake yi, ana kuma zuga shi, ya fi daɗewa a kan wanda aka bari shi kaɗai.”

Washegari Jummai ta shiga ɗakin Rakiya da ƙaramin ƙoƙo, ta cika shi da ruwan randa. Ta sa labule, ta ce wa Hajiya Uwa, “Hajiya, ki yi haƙuri, yau ba a shigo mana da sannu. Mun ƙoshi.”

Hajiya ta ce, “Ke dai Jummai bakinki ya fi taɓaryarki nauyi.”

Rakiya ta durƙusa. Jummai ta ɗora mata ƙoƙon a ƙugu, ta ce, “'Yar nan, ga alƙali. Ba ya karɓar goro, ba ya jin kunyar kowa. Kika lotsa, zai gaya miki. Ɗaga.”

Ta ɗaga ƙafa. Nan da nan ruwan sanyi ya kwararo mata ta gefe, ta yi ƙara, ta zube. Sai kuma ta fashe da dariya. Tun hatsarin ban ji dariyarta ba sai ranar.

Jummai ta ce, “To, ba ki yi ƙoƙari ba. Ƙugun hagu ne ya gudu. Ja cibiya ciki kamar kin hango uwar miji. Sake.”

Daga nan ta kawo waƙar. Ita ta tsara abarta a bakin turmi. Sunayen dangin Rakiya ta jera, kowa da baitinsa, tun daga kakarta:

“Jikar Ta-Sallah mai tuwon dawa,
ƙoƙo na kanki, kar ki ba ƙasa ruwa.”

Rakiya kuma ta amsa, “Ban sauka ba.”

Daga kaka sai uwa, sai uba, sai gwaggwanni, sai Malam, sai Hajiya. Waƙar ce ta zama ma'auninmu. A farko ko baitin kaka ba ta ƙarasawa. Da aka kwana biyu ta kai ga uwa. Duk inda ta tsaya, Jummai za ta faɗa mata ba ƙari ba ragi. “Jiya kin gaida babanki, yau a zaure kika tsaya. Barci ne bai ishe ki ba, ko tuwon ne?” Ranar da ta ƙara gaba kuwa, sai Jummai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta su leƙo su tambayi wa ya haihu. Yabonta tsada gare shi, shi ya sa idan ya zo Rakiya takan wuni da shi a fuska.

Wata rana Rakiya tana goge gumi ta ce, “Inna Jummai, bayan Hajiya waƙar ta ƙare ke nan?”

Jummai ta ce, “Akwai saura baiti ɗaya.”

“Na wa?”

“Na wani baƙo. Ba a rera shi a kwance. Ki kai can ki ji.”

Rakiya ta sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Amma daga ranar, kafin Jummai ta gama wanke turmi ta riga ta shimfiɗa tabarma ta cika ƙoƙo da kanta.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai makon da Rakiya ta saci jiki ta riƙa yi ita kaɗai bayan an tafi, har baya ya riƙe, ta koma ko kaka ba ta kaiwa. Ta kwanta tana hawaye ta ce, “Ku bar ni, ba zan iya ba. Ga zafi ya fara, hadari ya kusa.” Na ɗauka Jummai za ta yi mata faɗa. Sai ta zauna a gefen tabarma tana matsa mata ƙafa, ta ce, “Gero ma idan aka matsa masa da duka ba ruwa, gari yake zama tun ba a cire dusa ba. Yau hutu. Gobe mu tambayi Malama.” Malama ta ce gajiya ce kawai, ta rage mata na 'yan kwanaki, aka ci gaba. Jummai ba ta taɓa ƙara wani abu daga kanta ba sai ta tambaya. Takan ce, “Ita ta san nama, ni na san mai naman.”

Ranar da Rakiya ta wuce baitin Hajiya ina wurin. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, hannuwa suna kaɗawa, ƙoƙo yana nan daram. Jummai ta sassauta wannan murya tata, ta yi ƙasa da ita yadda na waje ba zai ji ba:

“Ga wani baƙo bai da haƙora,
ya ƙi gado, ya ƙi tabarma,
Mustafa, bayan wa za ka kwana?”

Hawayen Rakiya ya haɗu da gumi. Amma ƙafar ba ta sauka ba sai da baitin ya ƙare, sannan a hankali ta ce, “Ban sauka ba.” Jummai ta ɗauke ƙoƙon ta shanye ruwan, ta ce, “Yau alƙali bai ce komai ba.” Babu wadda ta ƙara magana a kan baitin, a ranar ko bayanta.

Daga nan Malama ta yarda a fara gwada nauyi a tsaye. Jummai ta ƙulla gero a tsumma ta goya wa Rakiya da majanyi, kaɗan da farko, tana ƙarawa da tafi. Rakiya ta yi shara da shi, ta yi wanke-wanke, Jummai tana daka tana kallonta ta gefen ido tana cewa, “Kafaɗa! Kin fara tafiyar agwagwa.” Hajiya Uwa takan yi dariya ta ce, “Oh ni, geron gidan nan ya ga gata.”

Ruwan farko ya sauka wata ranar Alhamis da la'asar. Hajiya ta haɗa kayanta, ta haɗa na yaro a ƙaramar jaka, ta ce jibi za ta bi motar kasuwa. Rakiya ce ma ta ninke masa rigunan. Na sami Jummai na ce, “Ki je ki gaya wa Hajiya gaskiya mana.”

Ta ce, “In ce me? In ce surukarki tana son ɗanta? In tsiraita yarinya a gaban uwar miji, in kuma mai da Hajiya mai ƙwace? Bari dai.”

Ranar tafiyar da hantsi, Hajiya tana zaune a tsakar gida da yaron a cinya, ana jiran Malam ya samo mota. Jummai ta shigo, ta kwance ƙullin geron nan ta juye shi a turmi, ta yayyafa ruwa. Sannan ta dafa ƙirji ta ce, “Kash! Na yi ɓarna. Na jiƙa goyon Rakiya, ga shi Malama ta ce kada a tsallake ko rana ɗaya. Hajiya, ba ni aron maigidan naki mana, ai za su yi nauyi ɗaya. Kafin in gama surfen nan na dawo miki da shi.”

Hajiya ta ce, “Miji ake ba da aro? Ke kam ba ki da ta ido.” Amma ta miƙa shi.

Jummai ta ce, “'Yar nan, zo ki ɗauki kaya.”

Rakiya ta fito tana kallon ƙasa, ta ce, “Ni dai nauyi aka ce in riƙa ɗauka.”

“Wa ya ce wani abu? Sunkuya. Da gwiwa, ba da baya ba.”

Ta sunkuya. Jummai ta ɗora shi, ta ja zani, ta ɗaure majanyi. Yaron bai san wannan bayan ba, ya fara ƙunƙuni yana miƙa hannu wajen kakarsa. Rakiya ta miƙe tsaye, ta kai hannu baya ta ɗan bubbuga shi, ta fara jijjiga shi a hankali kamar wadda ta shekara tana yi. Ta ɗauki tsintsiya.

Jummai ta kama taɓarya. Ba ta rera waƙar ba, amma da kiɗan waƙar take dakan, ni da Rakiya mun gane. Kuma ban taɓa ganin ta yi surfe a hankali irin na ranar ba. Ta daka, ta tsaya ta juya, ta ɓare goro, ta koma. Rakiya ta share tsakar gida tun daga bakin zaure har madafi, ta kwashe shara, ta ɗauraye kwanuka. Na ga gumi ya jiƙa mata wuya, na ga lokacin da ƙugun ya so ya karkata. Jummai ba ta ɗaga kai ba, ta dai ce wa turmi, “Hagu.” Rakiya ta gyara.

Kafin a kai ga bakace, yaron ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗunta, ya yi barci, hannunsa ɗaya riƙe da bakin ɗankwalinta.

Hajiya Uwa ta daɗe tana kallonsu. Ita ma mace ce, ita ma ta haifi ɗan fari. Na ga ta sa bakin mayafi ta share ido. Da Malam Shehu ya yi sallama ya ce ga mota, sai ta tashi ta ɗauki ƙullinta, ta tura ƙaramar jakar gefe da ƙafa.

Malam ya ce, “Hajiya, kayan yaron fa?”

Ta ce, “Wane yaro? Wannan maigidan da ya ga sabon baya ya manta da ni? Na fasa auren. Ga ci, ga fitsarin kwance, ni ga shuka a gabana. Ku riƙe abinku, in ya yi hankali ya zo biko da kaka.”

Rakiya ta durƙusa har ƙasa da goyon a bayanta, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya, Hajiya.” Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba.

Bayan sun fita na dubi Jummai, ina jira ta yi guɗa. Ba ta yi ba. Ta juye geron a ƙwarya, ta ce, “Mairo, miƙo mini faifai, na ɓata wa mutane tuwo da latti.”

Bayan wannan Malama Jamilatu ta riƙa haɗa Jummai da mata daga cikin birni, masu ciwon baya bayan haihuwa, da waɗanda aka yi wa aiki. Jummai takan je da ƙoƙonta bayan ta gama daka. Ba ta fara waƙa sai ta zauna da mace ta sha hira, ta gano abin da take so ta koma yi. Wata sallah a tsaye take so, wata jan guga, wata kuwa so take ta taka zuwa gidan 'yarta da ƙafarta. Wannan abin shi take ajiyewa a baitin ƙarshe.

Ciwon Jummai bai ɗauki lokaci ba. Ranar da ta cika, da muka zo yi mata wanka, ni na kasa. Rakiya ce ta shigo ta naɗe hannun riga, yanzu uwar 'ya'ya ce, ta ce, “Gwaggo Mairo, ki zauna ki riƙa zuba mini ruwa.” Ta sunkuya a kan Jummai, doguwar mace mai nauyin ƙashi, ta ɗaga ta, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta wanke waɗannan hannuwa masu kanta yatsa bayan yatsa. Tun daga farko har aka sa likkafani ba ta miƙe ta huta ba, ba ta dafa bango ba.

Da ƙoƙon nan na zuba ruwan. Yana wurin Rakiya yanzu, taɓaryar kuma tana bayan ɗakina, a jingine inda ta bar ta.